Ƙidayar Gine-ginen Ƙasashe Uku

An yi wani sarki a ƙasar Zarmasa ana ce da shi Zubairu, mutum ne mai kyauta da tausayin talakawa, mai riƙon alƙawari ko da zai cutu, sai dai Allah ya jarrabe shi da abu guda, wato ba ya iya jure a ambaci sunansa a ƙarshen jeri. In ana lissafa sarakuna aka sa shi na biyu, ranar fadawa sun san ba su da sakewa, in kuwa aka sa shi na uku, har mai dafa masa abinci sai ya sha tambaya. Kada mai karatu ya yi saurin zarginsa, domin ni ban taɓa ganin mai mulkin da wannan ciwo ya ƙyale sarai ba, kuma na san malamai da yawa masu fama da irinsa.

Ƙasarsa tana maƙwabtaka da ƙasashe biyu, Kalmaina ta kan tudu da Tuburi ta bakin fadama, kuma a inda iyakokin ukun suka haɗu akwai wani babban kurmi na giginya wanda kowa ya dogara da shi. Daga itacen giginya ake tsaga azara, sandunan nan masu ƙarfi da ake jerawa a rufe soro, waɗanda gara ba ta iya ci, saboda haka duk ƙasar da ta rasa azara ta rasa rufi. Kakanni sun sha zubar da jini a kan wannan kurmi, har Allah ya kawo Sarki Zubairu, shi ne da kansa ya nemi sulhu. Ya kira sarakunan biyu suka ƙulla alƙawari cewa kowace shekara bayan kaka, Sarkin Magina na kowace ƙasa zai zo Mashigi, garin da ke bakin kurmin, ya dafa Alƙur'ani ya faɗi yawan ginin da aka yi a ƙasarsa, sa'an nan a raba itacen da za a sare gwargwadon abin da kowa ya faɗa. Mai gini da yawa ya sami kaso babba, mai gini kaɗan ya sami kaɗan. Jama'a suka yi ta sa wa sarki albarka, aka mayar da makamai cikin rumbu, aka zauna lafiya.

To, tun daga shekarar farko Zarmasa ce ta zo ƙarshe, kuma kowace shekara ratar sai ƙaruwa take yi. Kalmaina ta faɗi adadi mai ban tsoro, Tuburi ta bi bayanta, Zarmasa kuwa ta faɗi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ta koma gida da azarar da ba ta isa ba. Abin da ya fi ɗaure wa sarki kai shi ne fatake da suka zaga ƙasashen uku, in suka sauka a fada sai su riƙa yabon Zarmasa, suna cewa ba su ga inda soraye suke tsaye cike da mutane kamar nan ba.

Sarkin Maginan Zarmasa wani dattijo ne mai suna Mantau, ɗan magini jikan magini, mai kaushin hannu da kaushin harshe, wanda ya gina rabin sorayen birnin, har da zauren da sarki yake zama a ciki. Da aka dawo daga Mashigi a wata shekara da kaso mafi ƙanƙanta da aka taɓa samu, sai sarki ya sa aka kira shi gaban fada.

Sarki ya ce, “Mantau, ko dai maginan ƙasata sun daina aiki kana ɓoye mini, ko kuwa 'yan'uwana sarakuna suna aiko da maƙaryata su dafa Littafin Allah. Wanne ne?”

Mantau ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, “Allah ya ba ka nasara, abin da na ƙirga shi na faɗa. Na waɗansu kuwa ban ƙirga ba, balle in ce sun yi ƙarya.”

Wannan amsa gaskiya ce tsantsa, amma ba ita ake ba wa mai fushi ba. Sarki ya miƙe tsaye, ya ce, “Na rantse da Wanda ya ba ni wannan sarauta, kafin gatari ya sake taɓa giginya, ɗayan biyu za a yi. Ko dai Mantau ya bar ƙasata ba rawani, ko kuwa in warware alƙawari in karɓi kurmin da mashi.”

Kowa ya san sarki ba ya son yaƙi, kuma ba zai rusa sulhun da ya gina da hannunsa ba, saboda haka ko yaro ya san a kan wa rantsuwar za ta faɗa. Da sarki ya zauna zuciyarsa ta fara sanyi, shi ma ya ga haka, ransa ya ɓaci, don yana ƙaunar tsohon. Sai ya juya wajen alƙalin birni, Malam Ɗayyabu, wanda aka sani da haƙuri wajen bincike da jinkiri wajen yanke hukunci, har masu ƙara sukan yi gunagunin cewa ya cika tambaya. Ya ce masa, “Malam, na ɗora maka wannan mas'ala. Ka binciko mini inda laifin yake, ka zo mini da hujja kafin lokacin sara. In ba ka zo da komai ba, Mantau ne zai tafi.”

Alƙali ya ce, “Allah ya ja zamaninka, na karɓa, da sharaɗin a ba ni izinin tafiya, kuma kada a taɓa rawanin Sarkin Magina sai na dawo.” Sarki ya yarda.

Kafin ya kama hanya sai da ya biya gidan Mantau. Ya iske shi zaune a zaure, iyalinsa a ciki sun fara ɗaure tukwane, shi kuwa yana kallon bango kamar yau ya fara ganinsa.

Alƙali ya ce, “Sarkin Magina, abu ɗaya na zo tambaya. Yaushe gini yake shiga lissafinka?”

Mantau ya ce, “Allah gafarta Malam, ai kowa ya sani. Sai ya sha damina. In ruwa ya ɗauke, magini ya koma gidan da ya gina, ya zauna ƙarƙashin rufin, maigida ya kawo tuwo su ci tare. In ya ci ya fito lafiya, ya zo ya gaya mini, in sa gidan a lissafi. Wanda yake tsoron zama ƙarƙashin rufinsa ai bai yi gini ba. Haka na tarar ubana yana yi.”

“Su mutanen Kalmaina da Tuburi fa, haka suke yi?”

Mantau ya dube shi da mamaki. “To, da wata hanya ce kuma ake ƙirga gini?” Sa'an nan ya ce da ƙaramar murya, “Malam, ba rawanin nake ji ba. A nan aka binne iyayena da uwar 'ya'yana. Da tsufana ina zan je in fara neman wanda zai binne ni?”

Alƙali bai yi masa alƙawarin komai ba, don ba halinsa ba ne ya sayar da abin da bai mallaka ba. Ya ce masa dai a dakata da ɗaurin tukwane, ya yi sallama ya fita, zuciyarsa cike da tausayi.

Ya hau alfadarinsa ya nufi Kalmaina a matsayin baƙo mai ziyarar malamai. Tun daga bayan gari ya fara ganin abin mamaki: filaye sun cika da harsashin gini, an haƙa, an jera tubali har zuwa gwiwa, sa'an nan an watsar, ciyawa ta rufe, awaki suna kiwo a cikin ɗakunan da ba a taɓa rufawa ba. Ya sauka a gidan Sarkin Maginan ƙasar, wani mai fara'a da ƙiba ana ce da shi Cindo, wanda ya karɓe shi hannu biyu, ya kawo masa gasasshen nama har ya rasa inda zai sa.

Alƙali ya yi godiya ya ce, “Sarkin Magina, wannan nama haka, ko suna aka yi a gidan?”

Cindo ya yi dariya ya ce, “Allah gafarta Malam, abincinmu ke nan kullum. Al'adarmu ce, duk wanda ya aza harsashi sai ya yanka dabba ya aiko wa Sarkin Magina da cinya, don neman albarka. Kowace cinya gida ɗaya ke nan, da haka nake riƙe lissafina, kuma ban taɓa ƙara ko ɗaya ba.”

“In mai gidan bai ƙarasa ba fa?”

“Wannan tsakaninsa da aljihunsa ne. Mu a nan saurayi ba ya zuwa neman aure sai ya nuna wa surukai harsashi. In an ɗaura, wani ya ƙarasa, wani ya koma ɗakin da yake a gidan ubansa. Amma ai ya fara, kuma farawa ita ce gini.”

Alƙali ya lura da mutumin sosai, ya ga babu ha'inci a fuskarsa ko kaɗan, ya gaskata abin da yake faɗa har zuci. Da suka zaga bayan fada kuwa sai ga azara jibge an tara, shekara a kan shekara, rana tana dukanta, ba a sami bangon da ya kai a ɗora ta ba. Malam Ɗayyabu ya tuna da yadda ake rabon azara da ƙyar a Zarmasa, abin ya sosa masa rai.

A Tuburi bai daɗe ba, don abin a fili yake. Ƙasa ce mai laima, ruwa yana cin gindin bango, rufi yana zubewa kusan kowace damina. Al'adarsu ita ce ranar ɗora azara a kira makaɗa a yi gayya, kuma Sarkin Maginansu, wani siririn mutum mai yawan shiru da ake kira Arzika, kowane kiɗan rufi yake ƙirgawa gida guda. Alƙali ya ga ɗakin da aka yi wa kiɗa sau uku, ya shiga lissafi sau uku, kuma har yanzu yana yoyo.

Ya dawo Zarmasa kaka ta ƙare, masu sara sun fara wasa gatura. Sarki ya kira shi nan da nan ya ce, “Malam, wa ke da laifi?”

Alƙali ya ce, “Allah ya ba ka nasara, in na faɗa da baki a nan, za a ce alƙalin Zarmasa ya kare mutumin Zarmasa. Ina roƙo a bar ni in kawo hujjata a Mashigi, gaban sarakuna uku, kafin a yi rantsuwar bana.” Sarki ya ɗaure fuska, don haƙurinsa ya kusa ƙarewa, amma ya amince, ya kuma ba da umarni Mantau ya taho da kayan tafiyarsa, domin in hukunci ya faɗa kansa, daga can zai wuce.

A Mashigi akwai wata sabuwar unguwa a bakin kurmin, inda mutanen ƙasashen uku suka zauna a cakuɗe saboda kasuwa. Da sarakuna suka hallara aka gaisa, alƙali ya miƙe ya ce, “Ya ku sarakuna masu daraja, Allah ya ƙara muku haɗin kai. Ina neman alfarma guda. Kafin Sarakunan Magina su faɗi abin da aka gina a ƙasashe masu nisa da idonmu, a sa su shiga wannan unguwa da ke gabanmu, kowannensu ya tambayi mazauna, ya ƙirga ginin da aka yi cikinta tun kafa ta, yadda ya saba ƙirgawa a gida, sa'an nan ya dawo ya dafa Alƙur'ani ya faɗa.”

Sarakuna suka ga abin da sauƙi, suka yarda. Maginan uku suka shiga, kowa ya bi lungunsa, ana zaune ana jira har rana ta yi tsaka. Cindo ya fara dawowa yana share gumi, ya dafa Littafi ya ce gini arba'in da biyu. Arzika ya dafa ya ce talatin. Mantau ya zo a ƙarshe, ya dafa, ya ce goma sha ɗaya.

Wuri ya ruɗe. Sarkin Kalmaina ya ce lalle tsohon nan idonsa ya mutu, Sarkin Tuburi ya ce a'a, mai ƙibar ne ya haɗa da akurkin kaji, Sarki Zubairu kuwa ya dubi Mantau da idon da ke cewa ka gama kunyata ni. Alƙali ya bari sai da hayaniya ta lafa, sa'an nan ya sa kowane magini ya bayyana wa sarakuna yadda yake ƙirga. Cindo ya kawo zancen cinya, Arzika ya kawo na kiɗa, Mantau ya kawo na tuwo, kowannensu yana jin na ɗan'uwansa yana buɗe baki, don shekara da shekaru suna zama a tabarma ɗaya a Mashigi, ba wanda ya taɓa tambayar wani.

Alƙali ya ce, “Kun gani da idonku. Unguwa ɗaya ce, mutum uku masu amana sun rantse a kanta, sun faɗi adadi uku, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Ɗaya yana ƙirga niyya, ɗaya yana ƙirga wahala, ɗaya yana ƙirga abin da ya tsaya. Ku kuwa kuka ɗauki ukun kuka ɗora a mizani ɗaya, kuka raba kurmi da su.”

Fuskar Sarki Zubairu ta washe, ya gyara zama, don ya fahimci cewa ƙasarsa ba ta gaza kowa ba, har ya fara murmushin wanda zai ce ai dama na sani. Da alƙali mai neman yardar sarki ne, da a nan ya tsaya, ya karɓi tukuicinsa ya koma gida. Amma sai ya juya wajen maginan ya ce, “Saura tambaya ɗaya. A cikin unguwar nan, ɗaki nawa ne ya faɗi?”

Cindo ya dubi Arzika, Arzika ya dubi ƙasa. Mantau ya ce, “Allah gafarta Malam, ba a ƙirga wanda ya faɗi.”

Alƙali ya roƙi sarakuna su taka da ƙafarsu, ya kai su wani lungu inda soro ya rufta ciki, bango a tsaye, rufi a ƙasa. A gefe an kafa rumfar zana, wani masaƙi yana zaune da iyalinsa, da wata tsohuwa kwance an ɗaure mata ƙafa da karare. Masaƙin ya ga sarakuna ya ruɗe, ya faɗi yana gaisuwa. Sarki Zubairu ya tambaye shi ko shi mutumin ina ne.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, talakanka ne, daga Zarmasa na taso.”

“Me ya sami ɗakinka?”

“Ranka ya daɗe, sau biyu ana rufa shi. Azara ta yi wuya a wajenmu, magini ya ce sai dai a tsaga ɗaya gida biyu a yi maneji. Na farko ya lotsa muka sauke, na biyun ya faɗo wa tsohuwata cikin ruwan Agusta. Mun gode Allah da ya bar ta da rai.”

Alƙali ya ce, “Allah ya ba ka nasara, wannan ɗaki a lissafin Kalmaina gida ɗaya ne, a lissafin Tuburi gida biyu ne, a namu kuwa babu shi sam, don ba a taɓa cin tuwo a cikinsa ba. Kuma irinsa suna nan da yawa a ƙauyukanmu, ba wanda ya san adadinsu.”

Mantau ya tsuguna ya ɗauki guntun azarar da ta karye, ya juya ta a hannunsa, siririya kamar muciya. Hawaye ya zubo masa, bai share ba. Ya ce, “Zaki, ina alfahari ban taɓa kawo maka gidan da bai tsaya ba. Ashe waɗanda suka fi bukatar ka ji labarinsu su ne na bari a waje. In korata za a yi a kan wannan, ban ce an zalunce ni ba.”

Jama'a suka tsaya suna jiran sarki, gama ga laifi ya fito daga bakin mai shi, ga rantsuwa tana jira. Sarki ya dubi alƙali ya ce, “Malam, ka ji. Yanke.”

Alƙali ya durƙusa ya ce, “Allah ya ja zamanin sarki, in an ba ni aminci zan faɗi hukunci.” Sarki ya ce an ba shi. Ya ce, “Mantau ya riƙe al'adar da ya gada, ya kuma faɗi gaskiya a kanta duk da ya ga tana jawo masa fushinka, alhali da ya so da ya ƙara adadi ya huta. Shari'a ba ta korar mutum a kan abin da ba a taɓa umartarsa da shi ba. Sarakunan nan biyu kuma ba su yi maka ha'inci ba, balle a ɗaga musu mashi. Gibin yana cikin alƙawarin kansa, domin an ce a ƙirga, ba a ce ga abin da za a ƙirga ba, sa'an nan aka rataya rabo a wuyan adadi. Wanda ya tsara alƙawarin kuwa, da kyakkyawar niyya ya tsara shi, kuma yana zaune a nan.”

Dogarai suka zuba wa sarki ido. Ni da nake ba da wannan labari na tabbata a wannan lokaci Malam Ɗayyabu ya ji tsoro, don amincin sarakuna wani lokaci gajere ne. Sarki Zubairu ya daɗe yana kallon tsohuwar da ke kwance, kunya da nadama suka rufe shi, har ya manta da zancen waye na ɗaya waye na uku. Daga bisani ya ce, “Ka yi gaskiya, Malam, ni ne. To, rantsuwata fa? Na ambaci sunan Allah a gaban jama'a.”

Alƙali ya ce, “Hukuncin wanda ya rantse zai yi abu, sa'an nan ya ga barinsa ya fi alheri, shi ne ya bar shi ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su. Allah bai sa sunansa ya zama sanadin zalunci ba.”

Sarki ya ce, “Zan ciyar, zan tufatar, kuma duk rufin da ya faɗi a Zarmasa saboda ƙarancin azara, ni zan mayar da shi. Mantau, kwance kayanka. Rawaninka yana kanka, kabarinka kuma yana ƙasarka in Allah ya kawo lokaci.” Tsohon ya kifa goshinsa a ƙasa don godiya.

Sarkin Kalmaina, wanda tun ɗazu yake jin nauyin azarar da ke jibge a bayan fadarsa, ya ce, “Ɗan'uwana, ba za ka mayar da su kai kaɗai ba. Abin da muka tara ba mu yi amfani da shi ba haƙƙinku ne da ya ɓato hanya, gobe za a fara ɗauko shi.” Sarkin Tuburi kuma ya roƙi a ba shi aron maginan Zarmasa su koya wa nasa yadda ake ɗaga gindin bango a ƙasa mai laima, don ya gaji da jin kiɗa a kan ɗaki ɗaya.

A nan suka zauna suka sabunta alƙawari bisa shawarar alƙali. Ba a hana kowa al'adarsa ba, Cindo ya ci gaba da cin cinyarsa, amma aka ce daga yau kowace ƙasa za ta faɗi abin da aka fara daban, abin da aka rufa daban, abin da ya sha damina ya tsaya daban, gyara kuma kada a haɗa shi da sabon gini, sa'an nan a faɗi wanda ya rushe a bayyane, ba tare da an ɗauke shi abin kunya ba. Aka kawo igiya ɗaya aka yanka ta uku daidai, kowace ƙasa ta ɗauki guda don auna faɗin ɗaki, saboda kada a sake daidaita bukka da zauren fada. Aka ce mai ƙidayar kowace ƙasa zai riƙa zagayawa tare da na maƙwabta, kuma ba za a tuɓe shi don adadi ya yi kaɗan ba, ba za a yi masa kyauta don ya yi yawa ba. Rabon kurmi kuwa aka mayar da shi kan bukata, bangon da ya kai rufi da rufin da ya faɗi su ne a gaba.

Ba zan ce daga ranar komai ya daidaita ba. An yi shekaru ana gardama a kan rumbu da turken dabbobi ko su ma gini ne, kuma samarin Kalmaina ba su daina aza harsashin neman aure ba. Amma adadin ɗakunan da ke faɗuwa, da yake yanzu ana faɗinsa a gaban sarakuna, sai ya riƙa raguwa shekara bayan shekara, don abin da aka sani ana iya neman maganinsa.

Sarki Zubairu ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Malam Ɗayyabu a gaban jama'a, ya ba shi gona da makaranta, sarakunan uku kuma suka haɗu suka naɗa shi mai duba ƙidayar ƙasashensu, wanda ba a raba itace sai ya sa albarka. Mantau kuwa bai bi ayarin sarki zuwa gida ba. Ya tuɓe babbar rigarsa, ya sa aka kwaɓa ƙasa, ya tsaya a Mashigi da tsufansa sai da ya rufa wa masaƙin nan ɗakinsa da cikakkiyar azara, ya ɗauki tsohuwar da hannunsa ya shigar da ita.

Ya kai mai karatu, in Allah ya ɗora maka hukunci a kan mutane, ka binciki mudun kafin ka tuhumi mai awo, ka kuma tambayi wanda aka bari a wajen lissafi, domin sarki ba ya iya yin adalci ga talakan da bai san da zamansa ba.